Kafin a sayi sabuwar kyamarar biki, a fara duba katin memori

Ɗaurin aure ba ya daɗewa. Ko a masallacin unguwa ne a Badariya, ko a ƙofar gida a Gesse ko Nassarawa cikin Birnin Kebbi, da zarar wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, an ambaci sadaki, an shafa fatiha, magana ta ƙare. Sau da yawa ba a cika minti goma ba. Waɗannan 'yan mintuna su ne rabon mai ɗaukar hoto, sai kuma ɗan lokacin da ango zai tsaya gaisawa da jama'a kafin abokai su ja shi cikin mota. Ba wanda zai sake tara dattawan nan gobe don an ce hoto bai fito ba.

Duk abin da aka ɗauka a wurin, da na kamu, da na wuni, da na kai amarya, yana tafiya ne cikin wata 'yar roba mai tsawon milimita 32 da faɗin milimita 24. Matashin da ke shirin shiga sana'ar yakan kwashe watanni yana tara kuɗi yana tambaya: Canon ko Nikon? Sony fa? Wane gilashi ne ke narkar da bayan hoto har amarya ta fito fes? Ranar da kyamarar ta iso hannunsa, sai ya biya ta teburin masu caja da iyafis a kasuwa ya ce a ba shi memori mai 128GB, mai sauƙin kuɗi. A cikin duk kayan da ke jakarsa, katin nan ne mafi araha, kuma shi kaɗai ne in ya lalace aikin gaba ɗaya ya tafi. Gilashi in ya fashe ana aro, batir in ya mutu ana canzawa. Hoton mahaifin amarya yana yi mata nasiha kafin a fita da ita kuwa babu inda ake sayo shi.

Katin da ke ƙarya kan girmansa

A cikin kowane katin memori akwai abubuwa biyu: ma'adanar da ke riƙe bayanai, da wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke kula da shige da fice. Kyamara ko waya ba ta leƙa ma'adanar da kanta. Tambayar 'yar ƙwaƙwalwar take yi: nawa ne girmanki? Abin da aka faɗa mata shi take nunawa a fuska. Masu haɗa jabun kati sun daɗe da gane wannan. Sai su ɗauki ma'adana mai 8GB, su sauya lissafin 'yar ƙwaƙwalwar ta riƙa cewa 128GB ce, su buga suna da launin wani sanannen kamfani a jiki, su rufe a kwali mai kyau.

Abin da ya sa wannan ha'inci ke cin mutane shi ne katin yana aiki lafiya lau da farko. Mai shago zai saka shi a waya, ya tura waƙoƙi biyu da hoto guda, duk su buɗe. Hoton RAW na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai 25MB zuwa 30MB, wato 8GB na gaskiya zai ɗauki kimanin hotuna 300 ba tare da wata matsala ba. Daga na 301 ne labari ke canzawa. Katin zai ci gaba da karɓa, amma ko dai yana zubar da sabon, ko yana rubuta shi a kan tsohon. Kuma kyamarar ba za ta yi ƙorafi ba, domin hoton da take haskawa daƙiƙa biyu bayan an danna, daga ma'ajiyarta ta wucin gadi take nuno shi, ba daga katin ba.

Akwai ƙarin abin da ke rufe ido. Jadawalin sunayen fayil yana zaune ne a farkon kati, a ɓangaren da ke na gaskiya. Don haka idan an dawo gida an saka a kwamfuta, za a ga sunaye sun jeru reras, kowanne da girmansa da lokacin da aka ɗauke shi. Sai an danna a ga babu komai a ciki. Irin wannan asara babu manhajar da ke dawo da ita, domin tun farko ba a rubuta hoton a ko'ina ba.

Maganin kyauta ne, lokaci kawai yake ci. Manhajar H2testw, wadda Harald Bögeholz na mujallar kwamfuta ta c't a Jamus ya rubuta, tana cika katin dam da bayanai, sannan ta karanta su ɗaya bayan ɗaya ta ga ko sun dawo yadda aka zuba su. Masu Linux ko Mac suna da F3 mai irin wannan aiki. Kati mai 128GB yakan ci sa'o'i biyu zuwa uku, gwargwadon saurinsa. A waya akwai SD Insight da ke nuna sunan kamfanin da katin ya ce shi ya ƙera shi, amma wannan ma ana iya yi masa ƙarya, don haka bai kai gwajin cikawa ba. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya cika katin da manyan bidiyo har ya ƙi karɓa, sannan ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ya ja kowanne zuwa ƙarshensa. Ranar Laraba ko Alhamis ake wannan, ba safiyar Asabar ba. Kuma idan farashin kati ya yi ƙasa da rabin na sauran shaguna, ba sai an gwada ba ma. Araha ba ta ado.

Lambobin da ke jikin kati

Ko katin na asali ne, ba kowanne ya dace da kowane aiki ba. Kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba ne suka fito da tsarin SD, suka kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojinsa a shekarar 2000, kuma ita ce ta sa alamomin da ake gani a jiki. Babbar lambar da ake bugawa da manyan haruffa, irin su 120MB/s ko 170MB/s, saurin karantawa ce, wato lokacin kwashe hotuna zuwa kwamfuta. Abin da ya dami kyamara shi ne saurin rubutawa, kuma shi a ƙananan alamomi yake. C10 da U1 na nufin ba zai gaza 10MB a daƙiƙa ba. U3 da V30 na nufin 30MB. V60 da V90 na manyan kyamarorin bidiyo ne, kuma suna zuwa ne a katin UHS-II mai layi biyu na haƙoran ƙarfe a baya. Alamar A1 ko A2 kuwa ta masu ɗora manhajoji a waya ce, ba ruwan kyamara da ita.

Lissafin bidiyo ba wuya. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana zuba 12.5MB kowace daƙiƙa, kimanin 45GB a awa guda. Kati mai U1 bai yi alkawarin wannan saurin ba, shi ya sa wasu kyamarorin Sony ke ƙin fara irin wannan ɗauka sai da U3, wasu kuma su fara su tsaya ana tsakiyar liƙi. Sannan katin 32GB zuwa ƙasa, mai alamar SDHC, yana amfani da tsarin FAT32 wanda fayil guda ba ya wuce 4GB a cikinsa, don haka kyamara kan yayyanka dogon bidiyo gida-gida. Wanda bai sani ba sai ya kwafi guda ya bar sauran. Yawancin tsofaffin kyamarorin DSLR ma suna tsayar da bidiyo da kansu a minti 29 da daƙiƙa 59, abin da mai ɗaukar wa'azin walima ya kamata ya riƙe a ransa.

Gurbi biyu ya fi megafiksel

Idan ana maganar zaɓen kyamarar biki, a nan ne ya kamata muhawara ta fi zafi, amma ba kasafai ake jin ta ba. Wasu kyamarori suna da gurbin kati biyu, kuma ana iya saita su su rubuta kowane hoto a katunan biyu lokaci guda. Kati ɗaya ya mutu, ɗayan na nan. Babu wata dabara da ke maye gurbin wannan, domin tana aiki ne tun daga daƙiƙar da aka danna, sa'ilin da duk wani kwafi bai samu ba tukuna.

Kyamarorin da matasa suka fi farawa da su, irin su Canon 600D da 700D da 80D, har ma da 6D mai babban firikwensin hoto, duk gurbi ɗaya gare su. A ɓangaren Nikon, D7000 ta 2010 da ƙannenta D7100 da D7200 suna da gurbin SD biyu, amma D7500 da ta biyo su a 2017 ta koma guda. Wato sabuwa ba lallai ta fi tsohuwa ba a wannan fanni. Nikon D750 ta 2014 tana da biyu. Canon 5D Mark III ta 2012 tana da gurbin CF da na SD, sai dai na SD ɗin yana da nawa, kuma idan ana rubutawa a duka biyun, saurin kyamarar yakan sauko zuwa na mai nawar.

Kamfanonin da kansu sun ɗanɗana fushin masu hoton biki a kan wannan. A 2018 Canon ta fito da EOS R, Nikon ta fito da Z6 da Z7, dukkansu masu tsada kuma da gurbi ɗaya, a shekarar da Sony ta saki A7 III mai gurbi biyu. Suka ya yi yawa, kuma zuwa 2020 Canon R6 da Nikon Z6 II da Z5 duk sun zo da biyu. Ga mai ƙaramin jari a Kebbi, ma'anar ita ce tsohuwar D750 ko D7200 ta hannu, da gilashin 50mm ko 35mm mai buɗewar f/1.8, da filasha guda, da katuna huɗu na asali, sun fi sabuwar kyamara mai sheƙi da kati ɗaya na teburin kasuwa. Uwar amarya ba za ta bambance megafiksel 24 da 45 a fuskar waya ba. Rashin hoton kuwa za ta gane shi nan take.

Wani kuskure da ake yi ko da gurbin biyu ne: barin saitin a kan "idan na farko ya cika a koma na biyu". Wannan ƙarin wuri ne kawai, ba kariya ba. Sai an shiga saiti an zaɓi rubutawa a duka biyun. Wasu kyamarorin kuma hoto kaɗai suke ninkawa, bidiyo a kati ɗaya yake sauka, don haka a duba littafin kyamarar.

Wanda kyamararsa gurbi ɗaya ce ba sai ya bar sana'a ba. Ya raba ƙwansa: kati daban na kamu, daban na ɗaurin aure, daban na dina. Katuna uku masu 32GB sun fi masa guda mai 128GB, domin in ɗaya ya ci amana, kashi ɗaya ne ya tafi. Kuma ya guji saka ƙaramin memorin waya a cikin gidan roba mai mai da shi babba. Kowane mahaɗi ƙarin wurin kwancewa ne.

Zafi, ƙura da batir

Yanayin kwarin Rima ba ya tausaya wa na'ura. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya haɗa waɗannan duka wuri guda: dubban masunta su ruga cikin Matan Fada da koma da gora, ƙura ta tashi, ruwa da laka su fantsama, gasar ta ƙare cikin kimanin awa guda. Duk wanda ya taɓa riƙe kyamara a bakin ruwan nan ya san ba wurin buɗe murfin kati ba ne. Haka filin kamu yake idan an fara rawa a tsakar gida mai rairayi. A saka katin da zai isa tun daga gida, a canza a cikin ɗaki ko mota.

Shi kansa katin yana da juriya fiye da yadda ake zato. Manyan kamfanoni kan rubuta cewa nagartattun katunansu na aiki har zuwa digiri 85. Abin da ya fi kashe hotuna shi ne yankewar wuta ana tsakiyar rubutu: a zare kati alhali 'yar fitilar bayan kyamara na ƙiftawa, ko batir ya mutu ba sallama. Jabun batir ya shahara da wannan, yana nuna saura rabi sai kawai ya ɗauke. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, cajin batura uku a daren jajibiri, ko da janareta ko sola, yana cikin aikin kare katin.

Bidiyo ya fi shan wahala a nan, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina fayil ɗin MP4 da MOV. Kyamara tana zuba hoto da sauti a jere, amma jadawalin da ke gaya wa manhaja inda kowane yanki yake, sai an danna tsayawa ake rubuta shi. Batir ya mutu a minti na 20, za a ga fayil mai nauyin gigabait da yawa amma ya ƙi buɗewa. Bayanan suna ciki, taswirar ce babu. Wata manhaja ta kyauta mai suna untrunc takan iya sake gina taswirar idan an ba ta wani lafiyayyen bidiyo da aka ɗauka da kyamarar da saiti iri ɗaya. Ba kullum take nasara ba. Ya fi sauƙi a riƙa ɗauka guntu-guntu na minti biyar zuwa goma.

Wayar da ke shiga ɗakin amarya

A bikin Hausawa akwai wuraren da namiji mai kyamara ba ya shiga. Sa lalle, shirin amarya, kukan rabuwa da iyaye mata, jeren ɗaki, galibi ƙawaye da ƙanne ne ke ɗaukar su da Tecno da Infinix da itel. Waɗannan hotuna, waɗanda sau da yawa amarya ta fi so, su ne suka fi zama cikin haɗari, domin kwafi ɗaya ne a kan ƙaramin memorin da ba a taɓa gwadawa ba.

Tun daga Android 6.0 a 2015, wasu wayoyi kan tambaya idan an saka sabon kati: a mai da shi ma'ajiyar cikin waya, ko a bar shi na cirewa? Zaɓi na farko yana kulle katin da mabuɗin sirri da ke cikin wannan wayar kaɗai. Wayar ta faɗa ruwa ko an mayar da ita sabuwa, katin ba zai karantu a ko'ina ba, ko da lafiyarsa ƙalau. Ga mai ajiye hotuna, na cirewa shi ne daidai.

Tura hoto ta WhatsApp ma ba ajiya ba ce. Manhajar tana matse hoton ta rage girmansa, kuma ranar da aka so wanke shi babba don bango sai ya fito dishi-dishi. Idan za a tura, a tura shi a matsayin takarda, wadda ke ɗaukar har 2GB kuma ba ta taɓa ingancinsa. Tsakanin wayoyi biyu da ke wuri ɗaya, Xender ko Quick Share na kai asalin fayil ɗin ba tare da cin data ba. Shi ma mai kyamara wayarsa za ta iya zame masa gurbi na biyu: ƙaramin makarancin kati mai bakin USB-C ya isa ya kwafe hotunan ɗaurin aure zuwa waya a cikin mota, kafin a kama hanyar Argungu kai amarya. Waya a aljihu, kati a jaka, kada su zauna wuri guda.

Idan ta riga ta faru

Kyamara ta ce ba ta iya karanta kati, ko kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat. Abu na farko shi ne a daina amfani da shi nan take, kada a ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya, kada kuma a amsa tayin fomat. Goge hoto ko lalacewar jadawali ba ya share ainihin bayanan, sunan ne kawai ke ɓacewa, har sai an rubuta sabon abu a wurin. PhotoRec, manhajar kyauta ta Christophe Grenier ɗan Faransa, ba ta kula da jadawali sam. Bin katin take daga farko zuwa ƙarshe tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita; hoton JPEG, alal misali, kullum da FF D8 yake buɗewa. Abin da ta tsamo a ajiye shi a kwamfuta, ba a kan katin da ake ceto ba. Sai dai wasu kyamarori na zamani suna share ma'adanar da gaske idan an yi fomat a cikinsu, kuma bayan wannan manhaja ba ta da abin yi.

Wani lokaci kuma hotunan ba su je ko'ina ba. An kai kati shagon wanke hoto ko na buga takardu, an dawo an tarar foldoji sun zama gajerun hanyoyi marasa buɗewa. Wannan tsohuwar cutar kwamfuta ce da ke ɓoye fayiloli. A Windows, umarnin attrib -h -r -s /s /d a kan harafin katin yana fito da su, sannan a kwafe su a wanke katin. Tura ɗan makullin gefen katin SD zuwa ƙasa kafin a saka shi a kwamfutar wani yana hana yawancin makaranta kati rubuta komai a kai. Mafi kyau ma kada asalin katin ya je shago, a kai kwafi.

A nan akwai abin da ya wuce asarar hoto. Manhajar da ke dawo da hotunan jiya tana dawo da na bara ma, har da waɗanda aka goge da gangan. Katin da aka miƙa wa mai gyara, ko aka sayar tare da tsohuwar waya, yana iya ɗauke da hotunan mata a cikin gida ba mayafi, na iyalin da suka amince da mai hoton. Mai sana'a ya koyi ceto da kansa, ko ya zauna a wurin har a gama. Katin da za a rabu da shi kuma a yi masa cikakken fomat a kwamfuta, ba na gaggawa ba, ko a cika shi da H2testw, wanda ke rubutu a kan duk wani gurbi da ke fanko.

Mai ɗaukar hoto Peter Krogh na Amurka ne ya yaɗa ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A Birnin Kebbi wannan na iya zama kwamfutar mai hoto, da faifan ajiya na waje, da kwafin da aka damƙa wa gidan ango, kuma ba a yi wa katin fomat sai ukun sun tabbata an buɗe an gani. Intanet na iya zama na ukun ga zaɓaɓɓun hotuna, amma Google ya daina ba da ajiyar hotuna mara iyaka tun 1 ga Yunin 2021. 15GB ɗin kyauta ana raba shi ne da Gmail da Drive, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ma a ciki take ci.

Iyalan da aka ba hotunansu a kan kati ko filas su ma da nasu aikin. Ma'adanar waɗannan na'urori tana riƙe bayanai ne da ɗan cajin lantarki da aka tsare a ƙananan ɗakuna, kuma cajin yana zurarewa a hankali, musamman a wuri mai zafi. Katin da aka jefa a durowa a ɗakin kwano aka manta shekaru ba abin dogaro ba ne. A riƙa fito da shi ko sau ɗaya a shekara, a buɗe, a kwafe zuwa sabon wuri, sannan a zaɓi hotuna 30 ko 40 a kai a wanke su a takarda.